Yadda Na Koyi Tuƙi Bayan Na Haura Sittin

Na haura shekara sittin kafin hannuna ya taɓa sitiyarin mota da niyyar tuƙi. Kafin nan in na taɓa shi, to goge shi nake yi da tsumma.

A farkon shekarun dubu biyu ne, lokacin da wayar salula ta fara shigowa Samaru, kana ganin manyan mutane tsaye a kan tudu sun ɗaga hannu sama suna neman sabis. Na yi ritaya daga koyarwa a firamare, maigidana kuma bai daɗe da rasuwa ba. Ma'aikacin ofis ne, mutum mai shiru, mai son motarshi kamar 'yar cikinshi. Wata farar tsohuwar mota ce, ta girmi autanmu. Duk tsawon zamanmu shi ke tuƙi, ni ina gefe da jaka a cinya ina ce mashi ya rage gudu. Da ya tafi sai motar ta zauna a gindin mangwaron tsakar gida, tayoyinta suka sace, kajina kuma suka gano cewa gilashin baya ba ya rufuwa. Can suka koma yin ƙwai. In ina son soya ƙwai da safe, ƙofar mota nake buɗewa.

Babban ɗana da ke aiki a Abuja ya kira ni ya ce, "Mama, a sayar da motar nan mana kafin ta gama zama akurki."

Na ce a bar ta. Ya tambaye ni dalili, na ce sabis ya ɗauke, ba na jin shi.

Abin da ya tunzura ni ya faru ne wata Lahadi da damina. Ni ce zan ba da waƙa a zumuntar mata, na sha anko, na kafa ɗauri, na tare ɗan acaɓa. A kaikaice nake zama kan babur kamar yadda matan zamaninmu ke yi. Yaron nan mai surutu ne, tun da muka tashi yake ba ni labarin yadda ƙungiyar ƙwallonsu ta ci wasa. Muka zo wani wuri da ruwa ya kwanta, ya kauce wa rami, ni kuwa ban kauce ba. Na sulale na zauna daram a cikin taɓo. Shi ko a jikinshi. Ya ci gaba da tafiya yana ba iska labari har ƙofar majami'a, ya tsaya ya ce wa matan da ke jirana, "Ga Mamanku na kawo." Ya waiwaya, babu Mama.

Kafin su biyo sawu su same ni, na daɗe a zaune, na ɗaga jakata sama don kar ta jiƙe. Ban ji ciwo ba. Tunani ne ya taso mani. Ni ce fa yarinyar da ta baro ƙauyensu a kudancin Kaduna da akwatin ƙarfe a ka, ta shiga jirgin ƙasa ba ta san kowa ba, ta je makarantar horon malamai. Na binne 'yata ta fari da ƙyanda ta ɗauke, na koma aji ina koyar da 'ya'yan wasu da suke sa'anninta. Iska ta taɓa yaye mana rufin ɗaki muna ciki. Na yi jinyar maigida har na koyi yin allura da kaina. Duk wannan ya wuce ina tsaye da ƙafafuna, amma yau ga ni zaune cikin kwatami kamar agwagwa, alhali akwai mota a gida kaji na more ta. A wurin na yanke shawara.

Wadda na fara gaya wa ita ce maƙwabciyata, Hajiya. 'Yar asalin birni ce, tana da shagon atamfa a kasuwar Sabon Gari, ita ma mijinta ya rasu. Mun fi shekara talatin muna maƙwabtaka. Wata shekara da gari ya rikice, a ɗakinta muka kwana da yarana, ita kuma ta tsaya a zaure da muciya a hannu. Saboda haka babu abin da nake ɓoye mata, ita ma babu abin da take jin nauyin faɗa mani.

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Malama, ke da keken ɗinki ma yake gudu ya bar ki? Kin manta ranar da kika ɗinke hannun rigarki da labule?"

Na ce, "Hajiya, da gaske nake."

Ta dube ni, ta ga da gasken ne. Ta gyara ɗankwali ta ce, "To in kin koya, ni ce fasinjarki ta farko. In ma mutuwa ce sai mu tafi tare, in mun je can kowa ya bi layin da aka nuna mashi."

Aka kira bakanike. Ya kori kaji, ya buɗe bonet ya tarar da ɓeraye sun yi iyali a ciki har da jikoki. Ya yi kwanaki yana shiga ƙarƙashinta yana fitowa baƙi ƙirin, har wata rana ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi. Hon ɗin ne kawai bai dawo daidai ba. In ka danna, kukan akuya mai mura yake yi.

Hajiya ce ta samo mani malami, wani kawunta da ke zaune a Hayin Dogo. Kowa Baba Direba yake ce mashi. Ya yi rayuwarshi yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, kuma a cewarshi jiniya ce ta cinye mashi kunne. Dogon tsoho ne siriri, kullum cikin tsohuwar rigar kaki mai guga, da goro a kumatu. Ba ya jin magana sai an yi ihu, in an yi ihun kuma sai ya ji wata daban.

Shi ya tuƙa mu ranar farko zuwa wani filin ƙwallo a hanyar Bomo. Tun a hanya na gane akwai matsala, domin Baba bai san an daina kauce mashi ba. Yana tafe a tsakiyar titi yana danna akuyar nan, yana mamakin rashin tarbiyyar mutanen yanzu.

A filin muka yi musayar wuri. Na leƙa ƙasa na ga abin takawa, na leƙa ƙafafuna.

Na ce, "Baba, ƙafafuna biyu ne, abin takawa kuma uku!"

Ya ce, "A'a, ba giya uku ba! Ɗaya tukuna! Ke da ba ki fara ba kina neman uku?"

Ya nuna mani kuloci, ya nuna mani birki, ya nuna mani totur. Ya ce in saki na hagu a hankali kamar mai sauke jariri, in taka na dama kamar mai taka ƙwai. Na saki jaririn gaba ɗaya. Mota ta yi tsalle irin na kwaɗo ta mutu. Muka sake. Ta sake yin tsalle. Goron Baba ya faɗo kan cinyarshi, ya ɗauka ya hure ya mayar. Haka muka wuni muna tsallen kwaɗo daga wannan gefen fili zuwa wancan, har wasu mata masu tallan nono suka sauke ƙwaryarsu suka zauna kallo.

Da ƙyar, bayan kwanaki, motar ta yarda ta yi tafiya irin ta motoci. Ranar da ta fara tafiya sumul, daɗi ya kama ni har na fara rera waƙar zumunta. Ina cikin haka na ji wani abu mai ɗumi ya goge ni a ƙafa. Ashe wata jar kazata ba ta yarda da korar da aka yi masu ba, ta koma ƙarƙashin kujera ta kwanta kan ƙwanta. Motsin mota ya ishe ta, ta fito ta yi fiffike ta ɗare kan sitiyari, muna kallon juna ido cikin ido.

Baba ya yi ihu, "Taka!"

Na ce, "Wanne?"

Ya ce, "Taka mana!"

Na taka. Ashe birki yake nufi. Ni kuwa totur na samu, na kuma taka shi da dukkan imanina. Muka bi ta tsakanin sandunan gola, muka fita daga fili, muka shiga gonar masara. Ba na ganin komai sai ganye yana marin gilashi, kaza na kuka, Baba na salati, ni ina kiran sunan Ubangiji. Kunyar gona ce ta tsayar da mu, mota ta hau wata babba ta zauna a kai kamar sarauniya.

Mai gonar ya taho da gudu da fartanya a kafaɗa, ranshi a ɓace. Ya leƙo ta taga. Ya ga tsohuwa da ɗauri a karkace, ya ga tsoho yana laluben hularshi, ya ga kaza a kan sitiyari. Ya sauke fartanyar. Can ya ce, "Mama, in girbi kika zo taya ni, ai ba ta nuna ba tukuna."

Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya kira maƙwabtan gonarshi suka ciccibo mu. Da aka zo raba laifi, Baba ya ce na kaza ne.

Da yammar ranar na zauna a bakin gado na yi kuka. Ba gonar ce ta sa ni kuka ba. Gwiwata na ciwo, wuyana ya ƙage, kuma ga hoton maigida a bango yana kallona da wannan shirun nashi. Na ji kamar na shiga abin da ba nawa ba. Shekara da shekaru ni ce mai alli a hannu, ni ke cewa a sake, yau ga ni na zama daƙiƙiyar aji, kuma ajin mutum ɗaya ne. Hajiya ta shigo da kwanon fura ta same ni a haka. Ba ta lallashe ni ba. Cewa ta yi, "Share hawayenki ki sha. Na riga na gaya wa duk 'yan layinmu a kasuwa cewa Malama ce za ta riƙa kawo ni. Kar ki sa a ce ina ƙarya da tsufana."

Washegari na koma fili. Kafin na shiga sai da na duba ƙarƙashin kowace kujera.

A hankali abin ya fara zama. Na gane kukan inji in yana neman a canja giya. Ƙafata ta daina tambayata wanne ne birki. Abu ɗaya ne Baba bai koya mani ba, wato ribas. Da na tambaye shi, sai ya ce duk aikin da ya yi bai taɓa ɗauko majinyacin da ya ce a kai shi baya ba. Gaskiyar maganar ita ce wuyanshi ba ya juyawa, nawa ma haka. In muna son ganin baya sai mun juya jiki gaba ɗaya kamar masu sallama da baƙo. Ranar gwajin lasin, mai gwajin ya shiga da fara'a, muka ɗan zaga, na danna mashi akuya sau da yawa don ya san na iya. Tun kafin a zo maganar ribas ya ce in tsaya. Ya fita ya zauna a kan wani dutse, ya ce na ci, in tafi, Allah ya kiyaye hanya.

A gida kuwa na samo dabara. Tsakar gidanmu na da faɗi, saboda haka in na shigo sai in zagaye mangwaro in fuskanci ƙofa. In zan je wani wuri, tun daga gida nake tsara inda zan tsaya, wurin da zan fita ta gaba. Akwai mutanen da na daina ziyarta kawai saboda lungunsu ba ya ɓullewa.

Sai ranar zuwa Sabon Gari ta zo. Hajiya ta fito cikin babban mayafi kamar mai zuwa biki, ta zauna a gaba, ta ciro carbi. Ta yi addu'arta, na yi tawa, muka ce amin tare. Muka hau babban titi.

Ban san a hankali nake tafiya ba sai da wani mai keke ɗauke da rake ya wuce mu, ya waiwayo ya gaishe mu. Kafin mu kai Palladan, motocin haya sun yi layi a bayanmu kamar masu rakiyar amarya. Kwandastoci na leƙowa suna buga jikin mota. Wani ya ce, "Mama, gawa kika ɗauko ne?" Hajiya ta sauke gilashi ta ce, "Uwarka na ɗauko, ka gaishe ta!" Na ce, "Hajiya, da carbi a hannunki?" Ta ce ai ba ta saki wurin da ta tsaya ba.

Muka wuce Kwangila lafiya. Matsala ta same mu ne a shataletalen da ke kan hanyar shiga kasuwa. Shiga ba wuya. Na shiga, wata babbar mota ta matso ni, na kauce ciki, sai na tsinci kaina a jikin da'irar. Duk lokacin da na zo daidai hanyar da zan fita, sai in ga babura sun cika ta, zuciyata ta ce ba yanzu ba. Sai in sake zagayowa. Muka zaga. Muka sake zagawa.

Akwai wata mai lemo a bakin hanya. Zagayen farko Hajiya ta ce mata sannu da aiki. Da muka dawo ta tambaye ta ko lemon na da zaƙi. Da muka sake dawowa ta taya. Matar ta ce albarka. Muka tafi muka dawo, Hajiya ta ƙara, matar ta sallama, ta ɗaure lemon a leda ta tsaya tana jiranmu. A zagaye na gaba ta biyo mu da gudu ta jefo ledar ta taga, Hajiya ta jefa mata kuɗinta. Ni kuwa gumi ya jiƙa mani riga, hannuwana sun manne da sitiyari, kaina ya fara juyawa.

Na ce, "Hajiya, ba zan iya fita ba."

Ta ce, "To ai mai bai ƙare ba. Ki ci gaba, wataƙila su gaji su tafi." Ta fara ɓare lemo.

Mai ba da hannun da ke tsaye a wurin ya daɗe yana kallonmu. Can ya hura usur, ya shigo titi, ya ɗaga hannu ya tsayar da kowace hanya. Wuri ya yi tsit. Ya nufo mu fuska a murtuke. Na ce shi ke nan, yau a ofishin 'yan sanda za mu sha lemon nan. Ya sunkuyo ta taga, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tsaya. Ya cire hula.

"Malama? Malama, ke ce?"

Na dube shi. Ƙato ne mai gashin baki, ban gane shi ba.

Ya ce, "Ni ne fa na aji uku, mai zama a baya kusa da taga. Wanda ya haɗiye murfin biro."

Nan take na gane shi. Ni na goya shi zuwa asibiti a ranar. Na ce, "Kai ne? Ya mahaifiyarka? To me kake yi a tsakiyar titi, so kake a buge ka?"

Ya ce, "Malama, aikina ke nan. Biyo ni a hankali."

Ya shiga gabanmu yana tafiya da baya da baya, yana yafito ni da hannu biyu kamar mai jan saniya zuwa mashaya. Motoci na tsaye ta ko'ina, direbobi sun fito suna kallo. Da hancin motar ya fita daga da'irar, sai wurin ya ɗauki tafi. 'Yan acaɓa na danna hon. Ni ma na danna masu akuya. Hajiya ta miƙa wa yaron lemo biyu ta ce Allah ya yi mashi albarka.

A kasuwa na samu wuri mai kyau wanda zan fita ta gaba, na tsaya. Na raka Hajiya shago, aka yi ta zuwa kallona kamar wadda ta dawo daga yaƙi. Na sha ruwa, na huta, na yi cefane. Da na dawo sai na tarar an ajiye motar albasa a gabana, an cire mata taya ɗaya, direban kuma an ce ya tafi neman faci. Hagu rumfa, dama kwata. Hanya ɗaya ta rage.

Wani Ibo mai sayar da katifu a bayana ya ga ina tsaye ina kallon motar kamar ba tawa ba. Ya ce, "Mama, go back small, road dey." Ya ga ban motsa ba, ya juya harshe, "Mama, koma baya kaɗan, akwai hanya."

Na ce, "Ɗana, ni ba na baya."

Ya ce, "Motan ya lalace ne?"

Na ce, "Motar lafiyarta ƙalau. Ni ce ba na baya."

Aka aika aka kira Hajiya. Ta zo ta dubi motar albasa, ta dubi kwata, ta ce, "Malama, ko dai mu kwana a nan, ko ki yi abin nan. Ni kuwa ban zo da bargo ba." Muka shiga. Mun san inda giyar ribas take, don akwai alama a jiki, amma ta shekara ba a shiga da ita ba, ta ƙi. Na kama da hannu biyu, Hajiya ta ɗora nata biyun, muka ce bismilla da sunan Allah, muka danna. Ta yi wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ta shiga. Tun da wuyana ba ya juyawa, Hajiya ta durƙusa a kan kujera ta fuskanci baya ta zama idona.

Ta ce, "Taho. Taho. Yi hagu."

Na yi hagu.

"Ba wannan hagun ba! Nawa hagun!"

Ita tana kallon baya, ni ina kallon gaba, hagunmu ba ɗaya ba ne. Kafin mu daidaita wannan magana sai na ji mota ta nutse cikin wani abu mai laushi ta tsaya. Katifun mutumin nan da ya jingina a tsaye suka zubo mana ɗaya bayan ɗaya, a kan but, a kan rufi, ɗaya ta rufe gilashin gaba. Duhu ya rufe mu. A cikin duhun na ji muryar Hajiya tana cewa, "Malama, in Lahira ce wannan, to da laushi."

Aka janye katifu. Mai su yana dariya har yana riƙe ciki. Ya duba, ko ɗaya ba ta yage ba. Ya ce duk faɗin kasuwar nan babu inda ya fi dacewa a yi karo kamar shagonshi, da mai tangaran na samu da yanzu wani labari ake yi. Ya tsaya da kanshi ya nuna mani yadda ake duba madubi, abin da ni a da na ɗauka don gyaran ɗauri aka sa shi. Na sake gwadawa, na fita. Daga ranar, duk zuwan da zan yi kasuwa a gaban shagonshi nake tsayawa, shi kuma da ya hango farar mota sai ya jingina wata tsohuwar katifa a jikin ginshiƙi ya koma ya zauna. A jikin katifar nan na ƙware da ribas.

Bayan haka gari ya buɗe mani. Na zama direbar tsofaffin zumunta. In wata ta kwanta a asibiti a Shika, sai in cika mota da mata da kuloli mu tafi dubiya, muna waƙa tun daga Samaru. Na kai amare, na kai masu naƙuda, na taɓa kai rago gidan suna yana zaune a kujerar baya kamar alhaji. Wata rana kuma na shirya ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba, na tuƙa zuwa maƙabarta. Na tsaya a inda za a iya hango motar daga kabarin maigida. Na share ciyawa, na zauna, na ba shi labarin kaza da gonar masara. A raye ba mai yawan dariya ba ne, amma na san wannan da ya ji da sai ya cire tabarau ya goge ido. Ranar ce na fara komawa gida daga wurin ban yi kuka ba.

Da ɗana ya zo hutun Kirsimeti, ni na ɗauko shi daga tasha. Ya zauna a gaba ya rungume jakarshi, ya kama ƙofa da ɗaya hannun. Muna hanya yana ta cewa, "Mama, ga babur. Mama, ga rami. Mama, kin ga akuyar can?" Na ce in bai yi shiru ba zan sauke shi ya hau acaɓa. Bai sake maganar sayar da mota ba.

Shekaru suka ɗan tura, sai Hajiya ta zo mani da wata magana. Ta ce ta gaji da zama a gefe tana ba da umarni, ita ma tana so ta riƙe abin. Lokacin Baba Direba ya tsufa ƙwarai, ba ya fita, saboda haka ni ce malama. Na ce mu fara a tsakar gidana, ta riƙa zagaya mangwaro a giya ɗaya, babu titi, babu gonar kowa.

Hajiya ta fi ni kai. Ba ta yi tsallen kwaɗo ba ko sau ɗaya. Ta zaga lafiya, ta sake zagawa, har ta fara tuƙi da hannu ɗaya tana gyara mayafi da ɗayan. Na ce ta mayar da hannu. Ta ce ai ta gane abin, ba wani wuya gare shi ba, mutane ne ke zuzutawa. Tana faɗar haka wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta sunkuya dubawa, ƙafarta ta sunkuya tare da ita.

Katangar da ta raba gidana da nata ta tubalin ƙasa ce, ta sha damina da yawa. Ba ta yi gardama ba. Muka ratsa ta, ƙura ta tashi, muka tsaya a tsakar gidan Hajiya, dab da turmi. Matar ɗanta na zaune tana tsince shinkafa, ta daskare da faranti a hannu. Hajiya ta kashe mota, ta zare makulli, ta kakkaɓe ƙasa daga kafaɗarta. Ta dubi yarinyar ta ce, "Ba ki iya yi wa mutane sannu da zuwa ba ne?"

Fitila ɗaya ce ta fashe. Da magini ya zo duba aikin, ya auna ɓarakar da igiya, ya fara lissafin tubalin da za a buga. Ni ina tsaye ta gefena, Hajiya ta gefenta, muna kallon juna ta cikin ramin. Shekara da shekaru in zan kai mata miya sai na saka takalmi na yafa gyale na fita titi na zagayo ta zaure.

Na ce wa maginin, "Malam, bar tubalin nan. Daidaita gefen kawai ka shafe."

Ya ce, "A bar shi a buɗe?"

Hajiya ta ce, "Ka sa mana ƙyaure saboda awaki. Amma ka yi shi da faɗi, ban gama koyo ba."